Ranar da Kaka Ta Maimaita Kanwa

Har yau in na ji ƙamshin karan dafi yana tafasa da wake, Kakata nake tunawa, wadda ta haifi Mma. Waache, wato wake da shinkafa, take sayarwa a bakin titi a unguwarmu Asawase, kuma hannunta ne ma'auninta, ba ta taɓa ɗanɗana tukunya ba.

Wata damina abincin ya fara canjawa. Yau ya yi bauri, gobe waken ya narke kamar fate. Masu saye suka koma wajen matar da ke tsallaken titi. A gidanmu kuwa nan take aka yanke hukunci, ita ce ta yi wa Kaka asiri. Aka daina gaishe ta. Rubutu, hayaƙi, ba wanda ba a yi ba.

Ni dai na ga abin da na gani. Ina zaune kan turmi Kaka ta zuba kanwa, ta juya ta ɗauko ludayi, ta sake zubawa. Na ce, "Kaka, ai kin sa." Ta dube ni kamar baƙuwa. "Ke 'yar wa ce? Ita ta aiko ki?"

Na gaya wa Mma, ta ce in rufe bakina. Daga baya Kaka ta manta Twi, yaren garin, sai Zabarmancin ƙuruciyarta, tana tambayar hanyar wani gari da ba mu taɓa gani ba. Kawu ya kai ta asibiti. Likita ya ce wani abu kamar danƙo ke taruwa a ƙwaƙwalwar wasu tsofaffi, yana cin tunani a hankali. Mma ta ce likita bai san matar tsallake ba. Da Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, matar ta zo gaisuwa, ko tabarma ba wanda ya miƙa mata.

Yanzu ina da jaririya, Mma ke riƙe mini ita in na tafi kasuwa. Makon jiya na ga ta ba ta maganin zazzaɓi, ta rufe kwalbar, ta sake buɗewa. Na riƙe hannunta. "Mma, kin ba ta."

Ta yi dariya. "Gwada ki nake yi."

Wataƙila. Amma tun ranar idona na kan hannunta, ni kuma ba ni da matar tsallake da zan ɗora wa.

Yau da safe na goya yarinyar. Mma ta miƙo hannu, "Kawo ta mana." Na ce awo zan kai ta. Ta ce, "Ba jiya kika kai ta ba?"

Gaskiyarta, jiya ne. Na yi hamdala a zuciyata da ta tuna. Duk da haka ban kwance goyon ba.