Rumbun Ladi

Da safen nan Rifkatu ta kira ni a waya ta ce Innarta ta tafi. Ladi, matar yayana Nomau, ta rasu a asibiti a Bici.

Na ajiye wayar na zauna a ƙofar gida har rana ta yi zafi.

Masu bibiyata a nan sun san ba na yabon mutane. Na daina tuntuni. Amma wannan matar sai na faɗi abin da ta yi.

Lokacin da nake koyarwa a sakandare, ni ke riƙe da makullin laburare. Laburaren kabad biyu ne kacal. Wata shekara aka ce littattafan labari ne ke lalata 'yan mata. Aka tara su a filin asambili, aka zuba kananzir, aka sa ɗalibai su yi tafi. Waɗanda muka yi kwaleji tare, masu digiri, suna tsaye suna gyaɗa kai. Na yi magana a ofis, aka yi mini canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa. Daga nan na ajiye alli na koma gona.

Abin bai tsaya a makaranta ba. Aka kafa kwamitin tarbiyya a ƙauyenmu. Ban taɓa ganin limamin garinmu da dattijon cocinmu sun yarda da juna a kan komai ba, ko da iyakar gona ce, sai a kan wannan. Suka ce za su bi gida gida. Kowa kuwa ya san ina da kwalayen littattafaina na kaina, kuma matan unguwa na aro.

Ladi ta shigo mini da tsakar rana, kwando a ka. Matar yayana ce, akwai wasa tsakaninmu, ba ta taɓa raga mini ba.

"Mijin boko, zaune kake kana jira su zo su ƙona ka tare da su? Tashi ka ɗora mini."

Ta yi ta sawu kamar mai jidar hatsi, ta zuba su a rumbunta. Ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba: a gidajenmu mace na da gayaunarta, wato 'yar gonarta, tana da rumbunta, kuma namiji ba ya leƙa rumbun mace, ko mijinta ne.

Kwamiti suka zo ɗakina suka tarar da littattafan lissafi. Wani ya tsegunta musu, suka wuce gidan Yaya Nomau. Ya ce musu, "Ga rumbun, ga mai shi. Ni da na aure ta ban taɓa sa kaina ciki ba."

Ladi na zaune tana ɓarar gyaɗa. Ko miƙewa ba ta yi ba.

"Baba Dattijo, ga tsani nan, hau. Amma kana saukowa zan aika maza su leƙa na Inna Kande, mu ga me take ɓoye maka."

Inna Kande matarsa ce. Matan da suka taru suka fashe da dariya. Liman ya kakkaɓe rigarsa ya ce wannan ba huruminsu ba ne. Babu wanda ya hau.

Tun daga ranar mata suka yawaita zuwa aron gero gidan Ladi. A shigo da ƙwarya, a fita da ita rufe da faifai. Musulmi da Kirista, har da matan 'yan kwamitin.

Ita kanta a ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, da yatsa take bin layi. Na taɓa ce mata wasu daga cikin littattafan nan fa shirme ne. Ta ce, "To ka bar su su karanta su gano shirmen da kansu. Kai wa ya tace maka kafin ka karanta?"

Da na bar aiki abokai suka fara canza hanya idan sun hango ni, ita ce ke aiko mini da tuwo. Wani lokacin har da littafina a kan kwanon, wai in karanta in huta da zagin mutane.

Ganinmu na ƙarshe bayan girbin bana ne. Tana kwance a tabarma, ƙafarta ta kumbura. 'Ya'yanta maza na son rushe rumbun, tunda yanzu a buhu ake zuba hatsi a kai kasuwar Dawanau. Na ce bari in kawo amalanke in kwashe kayana kafin su rushe.

"Ka makara. Na rabar."

Na ce kin me?

"Duk wadda ta zo aro na ce kada ta dawo da shi, in ta gama ta miƙa gaba. A hannunka kwali za su koma gara ta cinye. Kuma in suna wuri ɗaya, ashana ɗaya ta ishe su. Yanzu mai son ƙonawa sai ya bi ɗakin kowace mace daga nan har Rimin Gado."

Raina ya ɓaci. Littattafan da na tara tun ina kwaleji. Na ce ai ko shawara kya yi da ni. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Je ka kai ƙara kwamiti."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Da yamma za a yi jana'iza a gida. Tsofaffin 'yan kwamiti da za su zo gaisuwa, ku zo, akwai tabarma, ba zan ce muku komai ba.

Ke kuma da kike da littafi mai sunana a bangon ciki, kada ki kawo mini. Ba nawa ba ne kuma. Ki yi yadda ta ce.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa Ladi, ya ba ta hutawa, ya ba Yaya Nomau da Rifkatu da 'yan'uwanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ko a coci kake addu'a ko a masallaci, ka sa iyalanta a ciki.