Kayan da Jirgi Ba Ya Ɗauka

Shekarar da aka zaɓi maigidana ya tafi Ingila ƙaro ilmi, duk Tudun Wada babu wanda ya kai wansa rawar kai. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka shi ne mai tafiyar.

Maigidana malamin elementare ne, mutum mai sanyin hali, irin sanyin da har yau in na tuna nake jin haushi. Tun ana yankan gero aka gaya masa jirgin ruwa zai tashi daga Ikko a farkon sabuwar shekarar Bature, kuma gwamnati ta yarda ya tafi da iyalinsa, wato ni da 'yarmu. Ita kaɗai gare mu a lokacin, ba ta daɗe da yaye ba.

'Yar fari ce, kuma 'yan yanzu ba lalle su san nauyin wannan ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi ya fasa baki, sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ni "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Da uwata tana da rai, da can aka kai ta tun yaye, surukata kuwa, Inna, idonta ya yi rauni, shi ya sa aka bar min ita. In ɗaki ya rage daga ni sai ita, nakan yi mata kitso in tsefe in sake, don kawai kanta ya daɗe a cinyata.

Wan maigidan nawa, da muke kira Yaya, gida ɗaya muke da shi, sashensa daban namu daban. Duk ilminsa na Ingila a Riruwai ya samo shi, inda ya yi damina guda yana ɗebo ruwa a gidan wani Baturen kuza. Iyakarsa bayan kicin, ko falo bai taɓa leƙawa ba. Amma da labarin tafiya ya zo, sai ya naɗa kansa malaminmu. Kullum da hantsi zai kafa kujera a ƙofar ɗakin Inna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Da yake ni matar ƙane ce ba ya yi min magana kai tsaye, sai ya ce, "Inna, a gaya mata," alhali ga ni nan a durƙushe ina jin sa.

"Inna, a gaya mata can ba a cin abinci da hannu. Wanda aka kama, sai kotu."

Ya zaro wani cokali mai yatsu daga aljihu, yatsa ɗaya a lanƙwashe, ya ce kyautar Baturensa ce. Ni dai na fi zaton a bola ya tsince shi. Da shi ya sa na ci tuwo da miyar kuka a gaban matan gida, miyar tana zurarewa ta tsakanin yatsun, shi kuma yana girgiza kai wai ƙauyanci ya yi min katutu. Ya ce rana ba ta fitowa a Ingila sai ran Lahadi. Ya ce ba a durƙusa wa kowa, ko sarki hannu ake ba shi. Inna tana ta salati, matan gida sun saki baki, ni kuwa ina kallon faso a dugadugansa.

Ban damu da wannan ba, shirme ne mara cutarwa. Na ci gaba da shirina. Na daka kuka da yaji, na shanya kuɓewa, na sayi daddawa mai kyau na ƙulle. Yaya ya zo ya shinshina ƙullin ya yamutsa fuska.

"Inna, a gaya mata wannan ba za ta hau jirgi ba. Bature in ya ji warinta, a teku zai watsar, ya kuma ci su tara."

Daddawa ta koma sashen Yaya. Bayan kwana kaɗan tasoshin jerena suka bi ta, wai jirgi ba ya son nauyi. Akuyata ma can, keken maigida ma can, har da fitilar ƙwai da yake karatu da ita. Jirgin nan ya ba ni mamaki, duk abin da ya ƙi, sashen Yaya yana so. Daga baya a cikin jirgin na ga wata Bayarabiya da ƙullin daddawarsu ya fi kaina girma, ga 'ya'yanta suna tsere a kan benen jirgin, babu Baturen da ya ko kalle ta.

Na ga inda abin ya dosa tun kafin ya iso. Yaya da matarsa sun daɗe ba haihuwa. Wannan ba abin gori ba ne, daga Allah ne, kuma matar tasa baiwar Allah ce, ba ni da abin faɗa a kanta. Da ya fito fili ya ce yana son riƙon yarinyar, da na ji zafi, amma da na ga girmansa. Shi kuwa ta jirgi ya biyo.

Bayan an gama sussuka ya tara gida a ƙofar ɗakin Inna. Ya ce sanyin Ingila ba ya barin yaron baƙar fata, ƙirji yake kamawa. Ya ce da an sauka ake raba yara da iyayensu a kai su gidan renon Nasara, a ɗura musu naman alade. Inna ta dafe ƙirji ta fara hawaye. Maigidana ya yi gyaran murya, na ce a raina yau dai zai yi magana.

"Yaya, ai an ce da ita za a tafi."

"An ce? Wa ya ce? Shi wanda ya ce ɗin, 'yarsa ce?"

Shi ke nan, Malam ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Yaya ya juyo wajena, karo na farko da ya dube ni sosai, har da ɗan murmushi.

"To ai ga uwarta nan. Inna, a tambaye ta. In tana da magana a kan yarinyar, ta faɗa kowa ya ji."

Ya san abin da yake yi sarai. Ya san babu macen da za ta buɗe baki a gaban surukarta da wan mijinta ta ce tana son 'yar farinta. Matan gida duk suka zuba min ido, ba don su ji me zan ce ba, don su ga ko zan kunyata gidanmu. Yarinyar tana gefena tana tara tsakuwa a murfin kwano. Na kafa ido a ƙasa.

"Allah ya yi miki albarka," in ji Inna. "'Yar gidan mutunci ke nan."

Matan suka ɗauka da yabo, wai kunyata ta isa, wai samun irina sai an tona. Ban taɓa raina yabo kamar na ranar ba. Kowacce a cikinsu an taɓa yi mata haka, ta san abin da ke cina, amma ga su nan suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Da muka koma ɗaki na ce, "Malam, yanzu da gaske barin ta za mu yi?" Ya ce in yi haƙuri, zaman ba mai tsawo ba ne, kamar gobe ne. Ya ce ta yaya zai yi jayayya da Yaya a kan 'yar fari, a gaban Inna? Mutumin da zai ƙetare teku ya kasa ƙetare tsakar gida ya ce wa wansa a'a. Na buɗe akwati na fitar da 'yan rigunan sanyin da na ɗinka mata da hannuna, na aika sashen Yaya.

Ranar tafiya mota ta kai mu tashar jirgin ƙasa ta Dangora. Yaya ya sha babbar riga, shi ke karɓar addu'ar 'yan rakiya, yana cewa, "Amin, amin, ai mun shirya su tsaf." Matarsa tana goye da yarinyar, da majanyina. Ban taɓa ta ba, ban ko dube ta ba, saboda idon mutane. Muka shiga, na sami wuri a bakin taga.

Da jirgin ya yi kuka ya motsa, sai na ji ba zan iya ba. Na leƙa ta taga na kira sunanta da ƙarfi, sunanta na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Malam ya kama gefen mayafina. Na ji Yaya yana cewa, "Subhanallahi, tun ba a je ba an fara."

Yarinyar ta ɗago kai daga bayan matar Yaya. Ta dubi mai goyon nata, ta dubi Yaya, ta waiga wajen wata mai tallan gyaɗa, tana neman wanda ya kira ta. Muryata ta sani, sunanta ma ta sani, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Na sake kira. Har jirgin ya fice daga tashar, ba ta dubi tagar da nake ba.