Gilasan Yaya Sale Mai Hoto

Shekarar da ruwan sama ya kayar da katangar makabartar unguwarmu a Gumel, a ita muka kai Yaya Sale makwancinsa. Bana shekara tara ke nan. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na daɗe ina son rubuta wannan, sai da na koyi riƙe biro a ajin manya.

Da hoto ya ci abinci: biki a Gagarawa, suna a Sule Tankarkar. Ba ya yarda da abu sai ya gwada. In aka kawo masa gilashin kyamara, sai ya juya shi ya duba bayansa, ya ɗaga shi sama, ya murza zoben jikinsa, ya leƙa ko 'yan ganyayyakin ƙarfen ciki suna tsukewa suna buɗewa kamar idon kyanwa. Ita ce ƙofar haske. Da zai ga yaran yanzu suna ɗaga waya su danna, ba su san ta ina haske ya shiga ba, tsaki kawai zai yi.

Bayan sadakar arba'in, wani abokin sana'arsa ya zo daga Maigatari ta'aziyya, ya nemi ganin akwatin kayan. Babban ɗan Yaya muka so ya gada. Mutumin ya riƙa ɗaukar gilasan yana murza zoben a gabana, ƙofar tana nan a wangale.

"Ka gani da idonka, ɗan'uwa. Duk sun riga mai su tafiya. Bari in kai Damagaram, ko a ciri wani abu don marayu."

Daga bayan labule matar Yaya ta ce, "Malam, da su fa ya yi bikin ƙarshe."

"Hajiya, zama ne ke kashe su."

Ya tafi da akwatin. Daga baya ya aiko cewa ba a ciri komai ba.

Bara matar Yaya ta tsinci gilashi ɗaya a aljihun tsohuwar rigarsa. Na murza zoben, ƙofar ba ta motsa ba, kamar waɗancan. Ina juya shi, yatsana ya danne wani ɗan tsinken ƙarfe a gindinsa, sai ƙofar ta tsuke tsaf. Ashe irinsa, in an cire shi daga kyamara, sai an danna tsinken kafin ƙofar ta tsuke.

Wanda ya tsufa a sana'ar zai rasa sanin wannan? Ba zan rantse ba. Muna haɗuwa da mutumin a kasuwar Maigatari, yana tambayar lafiyar yaran Yaya, amma bai taɓa tsayawa ya ji amsa ba.

Abin da Yaya ya bar mini shi ne in juya abu in duba bayansa. Allah ya jiƙansa. Abin da ya tafi kuwa: kyamara biyu, gilashi biyar, akwati ɗaya, da sana'ar ɗansa, wanda yanzu dako yake a kan iyaka.