Kawu Labbo da Binciken Asalin Kamfani

Ku da kuka san Kawu Labbo kun san bai taɓa sayen jarida ba. Ran Talata sai ya zaga wurin masu tsire a kasuwar Mafara, ya tsinto takardun da aka naɗe nama, duk mai, ya kawo mini makarantar da nake koyarwa a Bakura.

"Karanta man, ɗana. Labari iska na, wa ka sayen iska?"

Lokacin ana gina dam ɗin Bakolori, an ce ruwa zai cinye gonarsa ta fadama. Shi kuwa a ganinsa kamfanin da ke aikin gidan mutum ne. Gida kuwa yana da maigida, maigida yana da dangi, cikin dangi ba a rasa wanda za a kama ƙafa da shi. Sai ya shiga bincike irin na aure, amma fa ba da sisinsa ba.

Wani akawu ya ce a ba shi na goro ya faɗi sunan mai kamfanin. Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Sunan mutum za ka sai man? Ran suna kyauta anka raɗa mai shi!"

Ya koma wurin kukun Turawan kamfanin, ya wuni yana taya shi figar kaji. Ya dawo yana murmushi. "Albishirinku! Mutanen ga taliya suka ci, kuma suna kuka in sun tuna uwayensu. Mai tuna uwa tai ba ya ƙin jin magana."

Kai, Kawu! Har Maradun ya taka a ƙasa don ya tambayi wani direban tifa. Direban ya ce masu kamfanin suna bayan teku, kuma suna da yawa, wasu ma ba su san juna ba.

"Af! Gado sunka ci ke nan," in ji Kawu. "To wa ab babban wansu?"

Mun yi dariya har da hawaye, shi ko a jikinsa. Da la'asar yakan zauna gindin giginyar gonar yana tsara mana ranar da babban wan zai zo: a shimfiɗa masa tabarma, a dama fura, iska na kaɗa dawa, baƙon ya tsaya yana kallon gonar, can ya tashi ya ce a karkata ruwan. Yadda yake faɗa, wallahi har mu mukan waiga hanya.

Ruwa ya riga baƙon zuwa. Ranar da na raka shi bakin tafkin, kan giginyar kaɗai ake gani. Na zaci zai yi wa babban wan Allah ya isa, sai ya ce a hankali, "Kar ku ga laihi nai. Bai taɓa ganinta ba."

Har yau maganar nan tana sa ni ƙwalla. Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya ba shi gonar da babu mai tashinsa daga cikinta.