Malam Mani, Tsakanin Makami Da Makamashi

A Yankara masu noman rani suna ce masa Mai Rana. Ɗalibansa na Faskari sun ce ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Akwai kuma waɗanda in an ambaci Malam Mani sai su sunkuyar da kai su sake zance. Na daɗe ina sauraron kowa kafin labarin ya haɗu mini.

Malamin kimiyya ne. Yana idar da sallar asuba zai ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, ya biya fadama ya duba faifan sola da famfunan da ya kafa wa manoma, sannan ya wuce aji. Shi ya raba mutane da yawa da injin ban-ruwa mai shan fetur yana turnuƙe gona da hayaƙi.

Wata ranar kasuwa, a rumfar mai shayi, aka tambaye shi yadda za a yi in hadari ya rufe rana. Ya ce sola tana son abokiyar aikin da ba ta barci, tashar da ke ba da wuta dare da rana ba hayaƙi, wadda za ta riƙe ɗakin sanyaya tumatir, ta yi cajin babura masu batir, har a sami wutar yin takin zamani. Ya ce sunanta makamashin nukiliya, kuma ƙasar nan na buƙatarsa.

Baba Gide, dattijon da rediyo ba ya barin kunnensa, makamin nukiliya ya ji. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura, na san kalmomin nan biyu kusan jikinsu ɗaya. Kafin la'asar zance ya kai Sheme, wai Malam na haɗa wa 'yan bindigar daji makamin ƙare dangi. 'Yan sa-kai suka zagaye gidansa, suka watso batura da wayoyi waje, matarsa Rukayya na tsaye tana kallo. Mun san inda irin wannan zargi ke ƙarewa a nan. Liman ne ya tsaya a gabansa har suka watse.

Ba a sami komai ba, amma suna ya ɓaci. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga ajinsa, aka mayar da shi wani ƙauye ta wajen Sabuwa.

Abin da ya fi girgiza ni, ya san wanda ya kai zancen. Duk da haka da famfon gonar albasar Baba Gide ya tsaya, shi ya taso tun daga can ya gyara. Rukayya ta tambaye shi ko ya manta. Ya ce albasar ba ta yi masa laifin komai ba.

Malam, kai ne aka tozarta a ƙofar gidanka, ka koma kana shayar da gonakinmu. Mun gode, Allah Ya saka maka. Mu kuma, in mun ji kalmar da ba mu sani ba, mu tambayi mai ita kafin mu kai ta gaba.

A walimar ritayar Malam, bayan addu'a, Baba Gide ya miƙe da sandarsa. Ya daɗe da gane kuskurensa, kunya ce ta ɗaure masa baki.

"Malam, ni ne. Kunnena ya ji rabi, bakina ya cika sauran, na kusa sa a kashe ka a banza. Gaban mutanen ga nike roƙonka, ka yahe mani don Allah."