Taisto da Ɗakin da Ya Gina wa Injin Ɗumi

Shekara talatin da ɗaya Taisto ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyenmu, kuma ban taɓa jin ya ce "ban sani ba". Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa, saboda haka na sha fama. In likita ya ce ka rage gishiri, Taisto zai ce likitan bai ƙware ba. In ka kamo kifi a tafki, zai ce ba haka ake kama shi ba.

Da mutane suka fara saka injin ɗumi, wanda ake kafa rabinsa a bangon falo, rabi mai fanka a waje, babu wanda ya kai shi kushe abin. "Firji ne aka juya masa baya," in ji shi. "Namiji da gatarinsa ba ya roƙon fanka ta ɗumama shi." Sai dai ba shi ke jigilar itace daga rumfa zuwa murhu ba. Matarsa Raili ke yi, har ranar da bayanta ya riƙe. Daga gadon asibiti ta buga waya aka zo aka kafa injin.

Sati biyu bai yi mata magana ba. A na uku na same shi a shagon kofi yana koya wa mutane yadda injin ke aiki. Kafin hunturu ya fita, ya ce ai shi ya kawo shawarar.

A kaka ta uku, cikin Oktoba, ganye ya gama zuba, ruwan bokiti ya fara wayar gari da ƙanƙara. Masu sayar da injin suka aiko da takarda: a wanke ragar tace ƙura ta ciki, a share ganyen da ya taru a waje, kada a rufe fankar. Taisto ya hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi, da takardar. Ya ji a rediyo cewa sanyin bana zai yi tsanani, sai tausayin rabin da ke waje ya kama shi.

Kwana biyar yana aiki. Ya kewaye injin da katako, ya cusa tsofaffin barguna, ya yi rufi da ƙofa har da sakata, ya shafa jan fenti irin na gidansa.

Na leƙo ta shinge na ce, "Taisto, ba iska abin nan yake sha ba?"

"Kai Kalervo, wasiƙa ka yi rayuwarka kana rabawa. Me ka sani a kan inji?"

Raili na tsaye a bakin ƙofa da kofinta. Ta ce, "Ƙyale Injiniya. Shekara arba'in nake roƙon a toshe min tagar kicin. Da na sani, da fanka na zo duniya."

Dusar ƙanƙara ta sauka a farkon Nuwamba. Injin ya fara nishi kamar saniya mai naƙuda, falo kuwa sai ƙara sanyi yake. Taisto ya danna rimot har digiri talatin, ya ce wutar lantarkin bana ce ba ta da ƙarfi. Raili ta kwaso saƙarta da kyanwarta ta dawo gidanmu da wuni. Shi kuma ina hango shi ta taga, zaune da rigar farauta da hula mai kunne, yana karanta jarida da safar hannu.

A rana ta huɗu Raili ta kira Outi, mai gyaran irin waɗannan injuna, mace mai shekara arba'in da ba ta iya ɓoye dariya. Ta tsaya gaban jan ɗakin ta daɗe tana kallo, ta ɗauki hoto.

"Baba Taisto, wa kuka ba haya a nan?"

Ta zare sakata. Injin ya zama curin ƙanƙara, har bargunan sun manne. Ta ce, "Daga iskar waje yake tsotso ɗumin da yake ba ku. Kun toshe masa hanci, sai numfashinsa mai sanyi yake ta maimaitawa."

Ta shiga falo ta zaro ragar tace ƙura. Gashin kyanwa na shekara uku ya yi kauri kamar tabarma.

"Yaushe rabon a wanke wannan?"

Taisto ya ce, "Ana wanke ta ne?" Ya ga duk muna kallonsa, sai ya murtuke. "Ke, tun kina da majina nake kai ki makaranta."

"Na tuna, Baba. Kullum a makare."

Ta miƙa masa guduma, ya rushe bangon da hannunsa, wuyansa ja wur. Da ya zo kan rufin sai ta tsayar da shi. "Wannan bar shi. Zai tare dusar da ke zamewa daga saman gida, kuma an yi shi da kyau."

Cikin duk maganganunta, wannan kaɗai kunnensa ya ɗauka. Washegari a shagon kofi aka ji cewa ƙwararriya ta zo takanas daga gari don ganin rufin da ya ƙirƙiro. Kafin Kirsimeti ya yi wa gidaje shida irinsa, kuma gaskiya babu wanda ya yi yoyo ko ya karkace.

Yanzu shekararsa saba'in da takwas. Duk Oktoba yana zagaya ƙauye da tocila, ba tare da an gayyace shi ba, yana duba injunan mutane. Bara ya shigo falona da takalminsa, ya zaro ragata, ya ɗaga ta a gaban matata ya ce wannan ƙazanta ce da jahilci. Na so in kore shi, amma ragar ta yi baƙi ƙirin. Haka na je na wanke ta yana tsaye a kaina, yana cewa ba haka ake riƙe ta ba.