Hoton da Na Ɗauka a Bakin Rumbun Ajiya

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku sa mini wannan wasiƙa a shafin masu karatu yadda na rubuto ta, ba tare da suna ba. Shekarun baya ni saurayi ne mai ji da kansa, ɗan Magarya, wanda ya bar lise, wato sakandare, bai ƙarasa ba ya kama kamara. Wata jarida da ke fitowa a Yamai nake aika wa hotuna daga yankinmu, tun daga Sassumbrum har Dungas da ƙauyukan bakin iyaka. Ba wani babban matsayi ba ne, amma a lokacin gani nake ba a taɓa yin irina ba. In na rataya kamara a wuya na hau moto, wato babur, ko gaisuwar mutane da ka nake amsawa. Mahaifiyata takan ce tun da na fara wannan aiki ban ƙara kallon mutum da ido biyu ba, kullum ɗaya a rufe yake. In ta faɗa sai in yi dariya in wuce.

Aikin kansa ba shi da wani armashi ga wanda ya san shi. Da safe zan duba ko batir ya cika, in ɗaure kwalbar esansi, wato fetur, a bayan moto, in nufi duk inda shef ɗina ya ce, wato editan da ke ba ni aiki ta waya. Yau taro a meri, ofishin magajin gari, gobe buɗe sabuwar rijiya, jibi kasuwar dabbobi. Rabin aikin jira ne: ka jira babban baƙo ya iso, ka jira ya gama jawabi, ka jira ya ɗaga almakashi. Sauran rabin kuwa neman rezo ne, wato sabis ɗin waya. Na sha tsayawa a kan tudu ina ɗaga waya sama don hoto uku su tafi kafin a rufe shafi. Bayan duk wannan wahala sai a sa hoton a can ciki, ɗan mitsitsi, wani lokaci ma ba sunana. Abin da nake kwana da shi nake tashi da shi ɗaya ne, in ga hotona a shafin farko, babba, wanda mutum zai tsaya ya kalla.

Shekarar da nake magana a kai ruwa ya ɗauke da wuri, gero yana tsaka da fitar da kai, kaka ba ta yi kyau ba a wurare da yawa. Bayan an gama girbi maza sun watse ci-rani, sai shef ya kira ni ya ce suna shirya babban labari a kan ƙarancin abinci, rubutu ya kammala, hoto kaɗai ya rage. Ya ce ba ya son hoton gona ko na tsohuwa tana daka, an gaji da su. Rumbu yake so, a buɗe, a ga cikinsa ba komai, mai shi kuma yana tsaye a gefe. Ya ƙara da cewa in ya yi kyau shafin farko ne, kuma kwana biyu ya ba ni.

Ranar farko na zagaya ƙauyuka uku a wajen Guci, ban samu ko ɗaya ba. Duk magidancin da na tambaya sai ya ce alhamdu lillahi, an samu daidai gwargwado, ya kawo mini ruwa, ya raka ni har inda na ajiye moto. Ni ɗan ƙasar ne, na san dalili sarai. Mutumin kirki ba ya buɗe wa baƙo rumbunsa, balle in ba komai a ciki. Ko maƙwabcinsa ba ya so ya san abin da ya rage masa. Amma maimakon in ga girmansu, haushinsu na ji. Na koma gida ina ƙorafi cewa mutanen nan yunwa na cin su suna ɓoyewa, ni kuma suna ɓata mini aiki.

Rana ta biyu na faɗa wani ƙaramin ƙauye, mai gari ya ce in maganar hatsi ce in je wurin wani dattijo, shi ne ya san halin kowa. A can na tarar da wata al'ada da ban taɓa lura da ita ba duk yawona. In an gama kaka, kowane magidanci da zai tafi ci-rani sai ya bar wa iyalinsa abin da za su ci, sauran dammunan geron kuma ya kai wa wannan dattijo ajiya. Kowa da alamarsa a jikin daminsa, wani jan ƙyalle, wani ƙullin kaba biyu. Ƙa'idar dattijon ita ce ba ya buɗe rumbun ajiya sai ruwan shuka ya sauka. Ko matar mutum ta zo masa da kuka a tsakiyar rani, sai ya ɗebar mata daga nasa, ajiya kuwa ba ya taɓawa. Da wannan ne garin ke samun iri da abincin da za a yi noma da shi in maza sun dawo. Ya ce haka mahaifinsa ya yi, shi ma a kai ya taso.

Muna cikin hira sai idona ya kai kan wani babban rumbu a gindin gawo, a ƙofar gidansa, an sauke jinkarsa an ajiye a ƙasa. Na leƙa, ba ko tsinke a ciki. Murna ta kama ni. Dattijon ya gaya mini, kuma wallahi na ji da kunnena, cewa wannan shi ne rumbun ajiyar da kowa ya sani, amma gara ta kama ƙafafun rumbun, shi ya sa makon da ya wuce shi da ƴaƴansa suka kwashe dammunan suka mayar sabon rumbu a bayan gida, wannan kuma za a rushe shi. Na ce Baba ba komai, hoto ne kawai, ya taimaka ya tsaya mini a gefensa. Ya yarda ba musu, tunda shi ba abin da yake ɓoyewa. Na ce ya cire sabuwar hularsa, ya cire. Na ce ya dafa bakin rumbun ya sunkuyar da kai, ya yi dariya ya ce shi bai saba tsayuwar marasa lafiya ba, amma baƙo ba a ƙi masa. Na hau kan turmi na ɗauka daga sama, cikin rumbun ya fito fili, fuskarsa ma ta fito. Da zan tafi har gyaɗa ya sa aka ƙulla mini.

A bakin hanya na samu rezo na aika. Bayanin da ake sawa a ƙarƙashin hoto ni na rubuta shi da hannuna, da Faransanci, cewa ga wani manomi a gaban rumbunsa da ba komai a ciki. Na karanta na sake karantawa, na gaya wa kaina ai ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki: manomi ne, rumbunsa ne, kuma ba komai. Maganar sabon rumbu kuwa ban sa ba, ban kuma gaya wa shef ba. Hoton ya fito a shafin farko, ya cinye kusan rabin shafin, ga sunana a gefe. Shef ya yaba, abokan aiki suka yi ta kira. Na kwashe watanni ina nuna wa duk wanda ya zauna kusa da ni, ban sake tunawa da ƙauyen ba.

Sai da damina ta faɗi aka ce in je in ɗauko hotunan shuka, na ce bari in biya ta can. Don ku san iyakar wautata, hoton na kai aka wanko mini babba a Damagaram, aka sa masa gilashi, wai tsaraba zan kai wa dattijon. Da na shiga garin na ga gaisuwa ta canza. Mai gari ya amsa sallamata a taƙaice ya ce yana da uzuri. Wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ita ma takan kai ƴan dammunanta ajiya, ita ce ta tsayar da ni a bakin rijiya ta tambaye ni ko ni ne mai hoton. Na ce ni ne, har da murmushi. Ta ce in ajiye moto in saurara.

Ta ce jarida ba ta zuwa garinsu, amma wani ɗan garin da ke aiki a Yamai ya ga shafin, ya ɗauka da waya ya tura wa ƴan uwansa. Kafin la'asar hoton ya kai ga mazan garin da ke Kano da Agadas da Legas. Ba wanda ya damu da karanta labarin. Sun ga fuskar dattijon, sun ga gawon, sun ga rumbun da suka zuba geronsu da hannunsu, a buɗe, wayam. Sai saƙonnin murya suka fara yawo. Wani ya ce dama ya ji ƙishin-ƙishin, wani ya ce an ga amalanke ta fita daga gidan, har ɗan ƙanin dattijon, wanda a gidansa ya girma, ya aiko da murya yana cewa an tsallaka da hatsin zuwa kasuwar Najeriya an sayar. Mazan suka umarci matansu su je su gani da idonsu. Ta ce ita ma ta je, kuma har ta mutu ba za ta daina jin kunyar wannan tafiya ba.

Dattijon bai yi gardama da kowa ba. Ya kai su bayan gida ya sa aka ɗaga jinkar sabon rumbu, ga dammuna nan cif, kowane da alamarsa. Amma saƙonnin sun riga sun iso kunnensa, har na ɗan ƙanin nasa. A ranar ya sa aka fito da ajiyar duka, ya ce kowa ya ɗauki nasa, shi ya sauke wannan nauyi. Mai gari da liman suka roƙe shi, mazan suka yi ta kira suna ba da haƙuri, ya ce ya yafe, amma ba zai sake riƙe wa kowa ko zangarniya ɗaya ba. Hatsi kuwa in yana cikin gida ba ya zama. Yau suna, gobe baƙi, jibi yaro ba lafiya a ɗebi tiya biyu a kai kasuwa. Kafin bazara ta ƙare gidaje da yawa sun cinye har da iri. Ta nuna mini gonarta daga nesa, ta ce rabi kawai ta iya shukawa.

Na ɓoye tsarabar a cikin jaka na tafi gidan dattijon. Ya gane ni, ya shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce Baba na zo neman gafara, ni na jawo wannan duka, domin ya gaya mini gaskiya na ɓoye ta. Ya ce ɗana, shi hoton bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutanen da suka san shi tun suna goye ba su ba shi ko yini ɗaya ba kafin su yarda ɓarawo ne. Ni kuma da rawar jiki na ce ya bari in ɗauki sabon rumbun a cike, in sa a buga, duniya ta ga gaskiya. Ya tashi ya ce in biyo shi. Ya sa aka ɗaga jinkar, na leƙa, ba komai. Nasa geron ma ya rabar wa waɗanda suka rasa iri. Ya ce in ina so yanzu in ɗauka, wannan karon ba sai na ce masa ya sunkuyar da kai ba. Ban iya ɗaga kamarar ba, kuka na yi a gabansa kamar ƙaramin yaro.

Na kira shef na gaya masa komai. Ya yi mini faɗa sosai, sannan aka buga gyara, layi uku a shafin ciki. Ba wanda ya ɗauki wannan gyara da waya ya tura wa kowa. Ban bar aikin ba, har yau da shi nake ci da iyalina, amma na daina gyara wa mutum tsayuwa, kuma ba na aika hoto sai na karanta wa mai shi abin da na rubuta a ƙarƙashi, da Hausa, ya ce ya yarda. Na rasa shafin farko sau da yawa saboda haka, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Abin da na koya shi ne mutum na iya yin ƙarya ba tare da ya faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba, ya isa kawai ya yi shiru a kan abin da aka gaya masa. Ina kira ga ƴan uwana masu ɗaukar hoto, da ma duk mai waya a hannu, ku tuna wanda kuke ɗauka yana da dangi da maƙwabta da za su gane shi, kuma a garin zai ci gaba da zama bayan kun hau moto kun tafi. Ku kuma da ake turo muku hoto, ku kira mutum ku tambaye shi kafin ku aika murya a kansa. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, na je jana'izarsa. Na tambayi babban ɗansa ko zai karɓi ajiya kamar yadda ubansa da kakansa suka yi, ya ce bayan abin da ya gani ba zai iya ba, kuma ba wanda ya yarda ya karɓa a garin. Yanzu kowa a gidansa yake ajiye hatsinsa, duk shekara kuma akwai waɗanda ruwan shuka ke sauka ba su da iri. Ya yafe mini tun yana da rai, amma wannan ban san wanda zan roƙa ya yafe mini ba.